Tsohuwar Taga da Iskar Arewa

  Ina gaida mutanen Hartum da Umdurman da Bahri, ina gaida 'yan uwa na Madani da Sinnar da Mai Wurno, har Gadarif da Kasala, duk inda muryar nan ta kai. Ga mu cikin shirinmu na faɗakarwa, yau kuwa maganar taga za mu yi, tsohuwar tagar nan da ake rufewa da magariba amma iska ba ta fasa shigowa. Za mu duba abin da mutum zai iya yi mata da hannunsa, yau ɗin nan kafin sallar isha'i, da kayan da galibinsu suna nan cikin gida.

Wanda bai taɓa kwana a garin nan a watan Janairu ba, in ka ce masa ana sanyi a Hartum sai ya yi maka dariya. Yana da hujja, domin gari ne da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Mayu. To amma daga Disamba zuwa Fabrairu iska takan tsaya daga arewa, ta keto hamada, ta iso mana a bushe ƙayau da ƙurarta. Da rana awo yakan kai digiri 30, ka ga mutum cikin jallabiya yana neman inuwa. Dare na yi sai ya faɗo wajen 15, wasu dararen ma ya kusanci 10. Mutumin Rasha ba zai kira wannan sanyi ba. Amma jikin da ya saba da 40, yana kwance a kan angarib, gadon igiyar da iska ke bi ta ƙarƙashinsa, shi ya san abin da yake sha daga ƙarfe uku na dare zuwa kiran assalatu. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Sakkwato da Katsina kan hanyar Makka, suka yada zango a bakin Nilu, ba su ga baƙon abu ba. Iskar hunturu ce, 'yar uwar wadda suka baro a gida, hamada ɗaya ke aiko su. Su ma a can in jaura ta busa, asabari suke saukewa a ƙofa, su cusa tsumma a 'yar tagar ɗaki, bazara na kamawa su zare.

Gidajen garin nan ba don sanyi aka gina su ba. Wanda ya san Suk al-Arabi, daga kewayen Babban Masallaci zuwa layukan da ke bayansa, ya san tsofaffin gine-ginen nan masu baranda, rufinsu can sama, tagoginsu dogaye na katako masu shish, tsaga-tsagen da ke tare rana su bar iska ta wuce. A da, a samansu ga lokandoji, wato masaukan baƙi, ga ɗakunan haya, ga wuraren teloli. Ka haye gada zuwa Umdurman, ka shiga Abu Rof ko Wad Nubawi ko Baitul Mal ko Maurada, za ka tarar da ɗakunan jalus, ginin ƙasa mai kauri, da tagogi suna kallon juna, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Da gangan magini ya yi haka, don iska ta ratsa ɗaki ta fice. Wata tara na shekara wannan tagar ita ce rahamar gidan. In ta hana ka barci a Janairu, aikinta take yi, lokacin ne kawai bai dace ba.

Shi ya sa ni ba na goyon bayan masu kiran magini ya toshe tagar arewa da bulo da siminti. Don gudun wahalar wata uku ka sayi ta wata tara? Duk abin da za mu ambata yau sharaɗinsa ɗaya ne: ya zama abin da za ka cire da hannunka ranar da zafi ya dawo, ba ka ɓata katako ba, ba ka fasa bango ba. Katakon ma yana da nasa hali. A rani yakan bushe ya tsuke, shi ya sa kafofi suke buɗewa yanzu. In damina ta sauka a Yuli da Agusta ya sha laima, sai ya kumbura ya koma mazauninsa. Wanda ya cika tsagar Janairu da abu mai tauri, a Agusta zai tarar taga ta ƙi rufuwa, ko ta ƙi buɗuwa.

A 'yan shekarun nan kuma maganar ta wuce ta tsufan katako. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, tsakiyar Hartum ta zama fagen daga har zuwa watan Maris na 2025. Suk al-Arabi ta sha wuta ta sha wawaso, tsofaffin unguwannin Umdurman ma ba su tsira ba. Masu komowa daga Bur Sudan da Atbara da Masar da yawansu sun tarar gilashi ya tarwatse saboda ƙarar fashewa, wani gidan kuma an ɗauke tagar ɗungurungum har da firam ɗinta, an zare wayoyin wuta daga bango. Da can sai a ce maka je ka kasuwar Sajjana ka yanko gilashi, ka kira kafinta ko mai walda. Yau ba kowa ke da halin haka ba, ga cefane, ga ruwa, ga magani. Allah ya kawo mana sauƙi, ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Ga wanda ya komo gida kwanan nan, kafin ka taɓa taga ka fara dubawa da ido. In ka ga wani ƙarfe da ba ka san shi ba a kan dakalin taga, ko cikin baraguzai, ko a maƙale a bango, kada ka taɓa, kada ka bar yaro ya matsa kusa, ka sanar da hukuma. Ɓaraguzan gilashin da suka rage a jikin firam kuma a zare su da hannu a naɗe cikin tsumma mai kauri, da takalmi a ƙafa, a zuba su a kwali a kai nesa da inda yara ke wasa.

(Ɗan kiɗa)

To, malam maigida, aikin farko shi ne gano ta inda iskar ke shiga. Mutane da yawa sukan lulluɓe taga gaba ɗaya da bargo su kwanta, asuba ta yi su ji sanyi na nan, don ɓarakar tana gefe inda bargon bai kai ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nemo tsagar.

Da rana ka rufe ɗakin ruf, ka tsaya a ciki har idonka ya saba da duhu. Duk inda ka ga zaren haske, iska ma ta nan take bi. Ka sa alama da alli. Da yamma kuma, lokacin da iska ta taso, ka roƙi uwargida ta ara maka kaskon turaren wutarta, ka bi gefen taga da shi a hankali kana kallon hayaƙin. Inda ya miƙe sama lafiya lau. Inda ya karkace ya nufo cikin ɗaki, nan ne. In babu turare, jiƙa bayan hannunka da ruwa ka bi gefen, fata za ta gaya maka. Galibi za ka same ta tsakanin firam da bango, ko inda murafu biyu suke haɗuwa a tsakiya, ko ta ƙasa, ko kewayen gilashi inda ma'ajun, ƙullun da ke riƙe shi, ya bushe ya zube.

Ka kuma fara da ɓangaren arewa. Ta nan iska ke dannowa, ta kudu kuwa ficewa take yi. In ka toshe arewa da kyau ka gama yawancin aikin, ta kudun ma ina so ka bar mata 'yar kafa, zan faɗi dalili nan gaba.

Kafin tsumma da leda, duba sakata da hinji. Sau da yawa taga ba ta da wani ciwo illa sukurori sun saki, murfi ya rataya a karkace. In ramin sukurin ya yi faɗi ya ƙi kamawa, cusa tsinken ashana biyu ko uku a ciki, ka karya abin da ya yi saura, ka mayar da sukurin. Za ka ji ya kama gam. Wannan kaɗai yakan rufe tsagar da ɗan yatsa ke shiga.

Tsagar da ke tsakanin firam da bango, in ginin jalus ne, maganinta a tsakar gida yake. A kwaɓa laka da ƙaiƙayi a cusa, a shafe da hannu, ƙasa ta koma cikin 'yar uwarta. Sai dai kafin a shafe a ƙwanƙwasa katakon. In ya yi ƙarar holoƙo ko ka ga hanyar ƙasa a jikinsa, gara ce, kada ka rufe ta a ciki ta ci gaba da ɓarna ba ka gani. In ginin bulo ne, a murɗa tsumma busasshe ya yi kauri, a tura shi da bayan cokali ko wuƙar da ba ta da kaifi.

Tsakanin murfi da firam kuwa ana son abu mai laushi da zai danne in an rufe. Tsohuwar katifar soso da aka yar tana da amfani a nan: a yanka ta siri-siri, kaurin ɗan yatsa, a jera a bakin firam. Wanda ya fi shi ƙarko shi ne tsohon tub na keke ko na raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku. A tsaga shi a tsaye, a kafa shi da ƙananan ƙusoshi yadda murfin zai hau kansa. In kana so ka san ko ya yi, sa 'yar takarda a bakin ka rufe taga, sannan ka ja. In ta zare salin alin, akwai sauran aiki. Ta ƙasan taga da ƙasan ƙofa, iyayena mata, wannan naku ne: ƙafar tsohon wando, a ɗinke baki ɗaya, a cika da busasshen yashi, a ɗinke ɗaya bakin, a shimfiɗa. Nauyinsa zai riƙe shi, da safe a ɗauke. Mai shish kuma ya auna kwali daidai faɗin murfin, ya ɗaura ta ciki da 'yar waya ko zare.

Akwai dabarar da tsofaffi suka sani, ta dama garin alkama a shafa wa takarda a liƙe tsaga. Tana tare iska, ban musa ba. Amma abinci ka ajiye wa kyankyaso da ɓera da gara, ni dai ba zan ba mai rufin katako wannan shawara ba. Haka salatif ɗin nan mai ruwan ƙasa da ake ɗaure kwali da shi: rana na dukansa sai danƙonsa ya narke ya maƙale, ranar cirewa ya taho da fenti. Na takarda da masu fenti ke amfani da shi ya fi sauƙin ɓarewa.

Yanzu ga wanda gilashinsa ya tafi. In tsagewa kawai ya yi bai zube ba, liƙa salatif a kan tsagar ciki da waje, ka bar shi. In babu shi sam, kwali ninki biyu, a giciye su, a sa su cikin leda don raɓa, a cusa a gurbin. Da babu gara ba daɗi. Sai dai kada a mayar da ɗaki kabari, a bar gurbi ɗaya ko biyu a sa farar leda mai kauri don haske ya shigo.

Sa leda ma yana da ƙa'ida. Yawancin mutane sukan buga ƙusa kai tsaye a jikinta, iska ta kwana tana kaɗa ta, kwana biyu ta yage daga bakin ƙusar. A yanka ta ta fi tagar da kamar taki ɗaya ta kowane gefe, a naɗe bakin a jikin siririn katako ko tsirin kwali, sannan a buga ƙusa ta cikinsa. A fara da sama, a ja ta miƙe sosai, a kama ƙasa, sannan gefuna. In gilashin yana nan, a sa ledar ta ciki, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu. Iskar da ta maƙale a wannan tazara ba ta motsi, ita ce ke hana sanyin gilashi isowa ɗaki. Ledar nan mai ƙuraje da ake naɗe talabijin da firji da ita, in ka samu kada ka yar. Yayyafa wa gilashi ruwa, ka manna ɓangaren ƙurajen, za ta zauna da kanta ba gam ba ƙusa. Inda aka ɗauke taga gaba ɗaya, sai tamfol ko buhun algarara ninki biyu a kan giciyen katako, a rataya tabarma ta waje don ta karya ƙarfin iskar kafin ta iso.

Wani rami da ake mantawa shi ne na mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa. An huda mata bango ko an cinye mata rabin taga, yanzu an kashe ta, amma bakinta a buɗe yake, iska na bi ta cikinta kai tsaye. A rufe bakin ta ciki da kwali, a lulluɓe ta ta waje da buhu a ɗaure. Kafin nan a zubar da ruwan da ya kwanta a cikinta. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi, wanda ya addabi Hartum a 2025, a irin wannan ruwa mai tsabta da ke zaune yake ƙyanƙyasa. Ragar sauro da ke jikin taga ma kada a cire ta don za a sa leda. Sanyi yana rage sauro, ba ya ƙarar da shi.

(Ɗan kiɗa)

Jama'a, in akwai wanda yake ta hira tun ɗazu, ina roƙo a ɗan saurara, maganar da zan yi yanzu ta rai ce.

Tsohuwar taga mai yoyo tana da wani alheri da ba a gode mata. Shekara da shekaru mutane suna shigar da kanun, murhun gawayin nan, cikin ɗaki, a dafa shayi ko jabana, wato gahawa, a bar sauran garwashin don ɗumi, a wayi gari lafiya, saboda iska na shiga tana fita ta waɗannan kafofi da muke ƙorafi a kansu. Ranar da ka toshe su duka, lissafin ya canza. Gawayi in yana ci yana fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau fiye da 200, mutum yana barci tana taruwa a jikinsa. Akwai masu cewa in garwashi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, to babu komai. Ba haka ba ne. Jan garwashin da ba ya hayaƙi yana nan yana fitar da ita har ya zama toka.

Alamarta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da mutuwar jiki. Da yake sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro, sai a ce maleriya ce, wasu ma su ce aljannu ne. Ga abin lura: in mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, suka ji sauƙi da suka fita tsakar gida, to a zargi gawayi. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a fara da jarirai da masu juna biyu da tsofaffi. Wanda ya suma kada a ɗura masa madara ko ruwa, a kwantar da shi ta gefensa, a garzaya asibiti, a kuma gaya wa likita cewa da gawayi aka kwana.

Na san halin da ake ciki. Wuta ba ta tsayawa, gas ya yi tsada, gawayi ne abin da ke hannu. Ban ce a daina ba. A hura shi a tsakar gida ko ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, a yi girki a can, in ma an shigo da shi na ɗan lokaci ƙofa ta kasance a buɗe, kafin kowa ya kwanta kuma a fitar da shi. Masu gadin shaguna da ke sauke ƙofar ƙarfe su kwana da kanun a gefe, ku ma da ku nake. Janareta kuwa ko a baranda kusa da taga kada ya kwana, gubarsa iri ɗaya ce. Dalilin da ya sa na ce a bar wa tagar kudu 'yar kafa ke nan, faɗin yatsa biyu ta sama ya fi babu, amma kada wani ya ɗauka ita ce lasisin kwana da garwashi.

Ɗumin da ake nema ana samunsa ta wata hanyar. Kwalbar ruwan zafi a naɗe ta da zane a sa wajen ƙafa. A shimfiɗa kwali ko tabarma a kan igiyar angarib kafin katifa, domin rabin sanyin ta ƙasa yake tahowa. Yara a sa musu hula da safa, jariri kuma kada a rufe masa fuska. Kyandir da fitilar kananzir su yi nisa da leda da kwali da labule, leda in ta kama wuta ɗiga take yi. Kowane ɗaki kuma a bar masa mafita ɗaya da za a iya buɗewa cikin duhu ba sai an nemo guduma ba, musamman inda tagogi ke da ƙarafa.

Sauran dabarar ta lokaci ce, ba ta cin ko sisi. A waɗannan watannin rana takan karkata kudu. Da hantsi a buɗe tagar kudu da ƙofa, rana ta shiga ta dumama ƙasa da bango, ɗaki ya sha iska, laimar numfashin dare ta fita, wanda ke da amfani ga mai asma da mai tari. Bayan la'asar, tun rana ba ta faɗi ba, a rufe a sauke labule mai kauri da ya taɓa bango ya wuce ƙasan taga. Bangon jalus yana riƙe zafin yini ya riƙa sakinsa cikin dare, in ba a bar iska ta kwashe shi da magariba ba.

Ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris za ku ji dare ya fara sassautawa. A lokacin a zare tsummoki da soso, kada a bar su su kai damina, domin jiƙaƙƙen tsumma a jikin katako ruɓa shi yake yi, ya kira gara. A wanke ledar a ninke ta tare da 'yan katakonta a ajiye wuri guda, za a neme ta daga watan Mayu in habub ya fara turnuƙe gari da ƙura.

Lokacinmu ya cika. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan tsabtace randa da gangunan ajiye ruwa.